Alhakin Da Ke Cikin Kwalin Harsashi

A ce ga wani makiyayin tumaki a jihar Wyoming ta Amurka. Cikin mako biyu ya tsinci gawar 'yan raguna huɗu a bayan shingensa, kowanne da shaidar haƙori a maƙogwaro. Ya san sawun, ya kuma san mai sawun. Ranar Asabar sai ya tuƙa motarsa zuwa cikin gari, ya shiga kantin kayan farauta, ya tsaya gaban kantar da aka jera kwalayen harsashi. A gida yana da bindigogi uku, kowacce da irin harsashinta. Ga kwalin .223 Remington, ga na .243 Winchester, ga kuma wasu ƙanana masu araha a gefe. Mai kanti ya dube shi ya ce, “Yallaɓai, wanne za a ba ka?”

Tambaya ce ta ciniki, kuma cikin minti biyu za a amsa ta a rabu. Ni kuwa na daɗe ina ganin akwai wata tambayar a ƙarƙashinta, domin duk kwalin da mutumin nan ya ɗauka, akwai wanda zai biya kuɗin zaɓinsa da jikinsa, kuma mai biyan ba ya cikin kantin. Wannan ce ta sa nake so mu ɗan tsaya gaban kantar nan tare da shi, ko da kuwa mai karatu bai taɓa riƙe bindiga ba.

Dabbar da ta hana shi barci ana ce mata kayoti. Wanda ya san dila ya kusa saninsa: dogon baki, tsayayyun kunnuwa, jela mai tulin gashi, sai dai ya fi dila girma, yakan kai kilo 10 zuwa 20. Sunan ya fito ne daga harshen mutanen Aztek na Meziko. A tatsuniyoyin 'yan asalin Amurka, irin su Nabaho, shi ne sarkin wayo da ɓarna, matsayin da muka raba tsakanin Gizo da dila. Da can a filayen ciyawa da saharar yammacin nahiyar yake. Yau kuwa daga Alaska har Panama akwai shi, kuma a jihohin Amurka 50 Hawayi ce kaɗai ba ta da shi. Har cikin birnin Chicago yana kwana, inda masu bincike suke bin sawunsa tun shekarar 2000. Yana cin ɓera da zomo da 'ya'yan itace da mushe, in kuma ya samu sarari ya ɗauke ɗan rago. A cikin namun dajin da ke kashe tumaki a Amurka, shi ne kan gaba. Don haka kukan makiyayin nan ba na ƙarya ba ne.

Sai dai doka ba ta ɗaure masa hannu ba. A Wyoming an sa kayoti cikin jerin dabbobi masu ɓarna, ana iya harbinsa rani da damina, ba sai da lasisi ba. Inda doka ta yi shiru haka, mutum ya rage daga shi sai zuciyarsa, kuma a nan ne ake gane halin kowa.

Bari mu fara da abin da ke cikin kwalayen. Lambar da ake rubutawa, kamar .223, kusan faɗin harsashin ce a ma'aunin inci, wato wajen milimita 5.7. Harsashin .223 da aka fi amfani da shi nauyinsa giram 3.6 ne, kuma yana fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 1,000 a sakan ɗaya. Ɗan'uwansa .22-250 faɗinsu ɗaya amma ya fi shi cin albarushi, gudunsa ya haura mita 1,100. Shi kuwa .243 Winchester, wanda ya fito kasuwa a 1955, har barewa ake kayarwa da shi. A can ƙasa akwai ɗan ƙaramin .22 LR da yara ke koyon harbi da shi, wanda ƙarfin dukansa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na .223. Bayan girma kuma akwai ƙira. Wani harsashin an lulluɓe dalmarsa gaba ɗaya da rigar jan ƙarfe, irin na sojoji, yana huda jiki ya wuce bai buɗe ba. Wani an bar masa rami ko an dasa masa tsinin roba a baki, da ya shiga sai ya tarwatse. Wani kuma bakinsa dalma ce mai taushi, yana buɗewa a hankali yana kutsawa ciki.

Gardamar maharba a kan waɗannan ba ta ƙarewa, kuma dalilinta shi ne mutum ɗaya yana son abubuwan da ba sa zama inuwa ɗaya. Yana son dabbar ta faɗi nan take. Yana son fatar ta fita lafiya, domin gashin kayoti na lokacin hunturu kuɗi ne. Shekaru da dama kamfanin Canada Goose yana kewaye hular rigunansa na sanyi da shi, kafin ya sanar a 2021 cewa zai daina. Yana kuma son araha. Babban harsashi yana kashewa ba wata-wata, amma yakan fita ta ɗaya gefen ya bar ramin da zai karya darajar fata. Harsashin soja yana barin 'yar huda mai kyan gani a fata, amma in bai taɓa zuciya ko ƙashin baya ba, dabbar na iya gudu da shi ta mutu bayan kwana biyu a cikin rami. Mai tarwatsewa, in ya shiga ta haƙarƙari, huhu ya tashi aiki cikin ƙiftawar ido; in kuwa ya daki allon kafaɗa yakan fashe a waje, ya buɗe rauni mai faɗi marar zurfi, kayoti ya tsere da ƙafa uku. Ƙaramin mai arahar nan kuma, a nesa, raunatawa ya fi yi.

Ka ga ke nan kowane zaɓi ciniki ne, kuma kuɗin da ake biya da shi azabar wata halitta ce. Wanda ya zaɓi harsashi don kyan fata kawai, ya yarda ke nan wasu daga cikin dabbobin da zai harba su yi doguwar mutuwa domin wasu fatun su yi tsada. Ba ya faɗin haka da bakinsa, amma lissafin haka yake.

Akwai wani abin mamaki a tarihin wannan al'amari. A taron Hague na 1899, ƙasashe suka rattaba hannu a kan haramta harsashi mai buɗewa cikin jiki a fagen yaƙi, wanda ake kira dum-dum saboda masana'antar makamai ta Dum Dum kusa da Kalkata a Indiya. Suka ce rashin imani ne a harbi ɗan Adam da shi. Amma a dokokin farautar manyan namun daji na jihohi da yawa a Amurka, harsashin soja marar buɗewa shi ne haramtacce. Abu ɗaya, a nan zalunci, a can jinƙai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sojan da aka raunata yana iya ɗaga hannu, yana da abokan da za su ɗauke shi, yana da likita, don haka ƙaramin rauni dama ce ta rayuwa a gare shi. Dabbar daji ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ƙaramin rauni a wurinta mutuwa ce da aka jinkirta. Ashe tausayi ba a jikin ƙarfen yake ba, sai an duba halin wanda ƙarfen zai sauka a kansa.

Na san wani zai ce wannan duk munafunci ne: wanda ya ɗaura aniyar kisa, ina ruwansa da tausayi? Matacce matacce ne, ko da wane harsashi. Ban yarda ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake layya ya san irin faɗan da dattawa ke yi wa yaron da ya kawo dasasshiyar wuƙa, ya kuma san ba a wasa ta a gaban ragon. Ragon nan zai mutu ko ta yaya, amma ba wanda ya taɓa cewa saboda haka kaifin wuƙa ba shi da muhimmanci. Masanin falsafa na Ingila, Jeremy Bentham, ya taɓo wannan a 1789, inda ya nuna cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin azaba, ko da ba ta magana ko tunani irin namu. Mutuwa tana kan kowane kayoti, da maharbi ko babu shi. Abin da maharbi ya mallaka shi kaɗai shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarar bindiga da fitar rai. Sakan uku ne, ko kwana uku? Wannan tazarar a kantin ake fara yanke ta.

Wani kuma daga ɗaya ɓangaren zai ce, shi kayotin da ya kama ɗan rago a maƙogwaro, tausayin wa ya ji? Gaskiya ne, bai ji ba. Sai dai haƙoran da aka halicce shi da su su ne kaɗai gare shi, ba a jera masa kwalaye aka ce ya zaɓa ba. Makiyayi kuwa an jera masa. Wanda aka ba zaɓi shi ake tambaya, kuma ramuwa a kan halittar da ba ta san laifi ba, fushi ne kawai mutum ya sa wa rigar adalci.

Mai biya na biyu ba a ko yi saitinsa ba. Naman kayoti ba cinsa ake yi ba. A feɗe fata a yar da sauran, wani lokaci ma a bar shi ɗungurungum inda ya faɗi. Harsashin dalma kuwa idan ya tarwatse yakan bar ɗaruruwan ɓurɓushi a cikin naman, wasu ido ba ya ganinsu sai a hoton asibiti. Da maharbi ya juya baya, masu cin mushe za su sauko: hankaka, mikiya, ungulu. Akwai wata ƙatuwar ungulu a Kalifoniya da ake kira kondo, faɗin fuka-fukanta ya kusa mita 3. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya, har a 1987 aka kame sauran gaba ɗaya don a kiwata su a tsare. Da aka fara sakinsu daji, babban abin da ke kashe su shi ne gubar dalma daga mushen da maharba suka bari. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022 ya duba mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38, ya tarar kusan rabinsu suna ɗauke da gubar dalma da ta daɗe a jiki. Mun saba cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda bai ja ba shi ruwan ke duka.

Mu kam ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Iyayen nan ba su nufi 'ya'yansu da sharri ba, abinci suke nema. Haka dalma take: ba ta tambayar niyya, kuma ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ƙwayoyin dalma tun 1991, Kalifoniya kuma ta hana harsashin dalma a kowace irin farauta daga ranar 1 ga Yulin 2019. A Wyoming makiyayinmu yana da damar saye. Akwai harsashin jan ƙarfe zalla a kasuwa, sai dai yakan fi tsada, kuma dole mutum ya koma ya sake daidaita saitin bindigarsa, wani lokaci ma bindigar ta ƙi jituwa da shi sai an gwada wani. Wahala ce ta gaske, amma 'yar kaɗan ce, kuma a kan wanda ya ja kunama take sauka. In ya ƙi ɗaukarta, mikiya ce za ta ɗauka masa.

Sai kuma wata jarrabawa da harsashi mai gudu yake zuwa da ita. Da zarar mutum ya ji bindigarsa na kai mita 400, sai ransa ya riƙa raya masa ya gwada. Amma wurin da ke kashe kayoti nan take, wato zuciya da huhu, bai wuce faɗin tafin hannu da yatsunsa ba, kuma iska mai matsakaicin ƙarfi na iya kautar da ƙaramin harsashi fiye da taƙi guda a nisan mita 300. Harbin da aka nufa da ƙirji sai ya sauka a ciki ko a cinya. Kyan kayan aiki yakan sa mutum ya ɗauka gwanintarsa ce ta ƙaru, alhali girman kansa ne ya ƙaru. Ga kuma abin da ke bayan dabbar: harsashi marar buɗewa yana iya dukan dutse ko daskararriyar ƙasa ya yi tsalle ya nufi garken maƙwabci. Ga lokaci ma. Kayoti na haihuwa wajen watan Afrilu, sau da yawa 'ya'ya biyar ko shida. Wanda ya kashe uwa mai shayarwa a watan Mayu da harsashi mafi tsabta a duniya, ya bar 'yan ƙwiƙwiyo a rami yunwa za ta gama da su a hankali.

To amma akwai wani haɗari a cikin duk abin da na faɗa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mutum na iya ƙwarewa a kan yadda ake kisa har ya manta da tambayar dalilin kisan. Wasa wuƙa ba ya halatta yankan ragon sata. Amurka ta shafe sama da shekara 100 tana yaƙi da kayoti. A 1931 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon kawar da namun daji masu ɓarna. An yi amfani da tarko, da guba, da harbi daga jirgin sama. A 1972 Shugaba Nixon ya hana zuba guba a filayen gwamnati, amma har yau wata hukuma ta ma'aikatar noma tana kashe dubun-dubata a kowace shekara. Masanin tarihi Dan Flores, a littafinsa Coyote America na 2016, ya kawo kiyasin cewa idan aka haɗa da na maharba, kusan rabin miliyan ake kashewa duk shekara. Sakamakon? Kayoti ya fi da yawa yaɗuwa. Idan aka rage su a yanki, abinci sai ya wadata, matan su haifi 'ya'ya da yawa, baƙi kuma su shigo su cike gurbi. Tun 1975 wasu masana biyu, Connolly da Longhurst, suka lissafa cewa sai an kashe kashi 75 cikin 100 duk shekara har sama da shekara 50 kafin a iya ƙarar da su. Kerkeci, wanda shi ne ke taka musu birki, an riga an share shi daga yawancin ƙasar, sai fili ya zama nasu.

Aldo Leopold, ma'aikacin gandun daji wanda littafinsa A Sand County Almanac ya fito a 1949, ya ba da labarin yadda ya harbe wata kerkeciya a ƙuruciyarsa, ya isa gare ta tana cikin fitar rai, ya kalli idonta. A lokacin ya ɗauka raguwar kerkeci na nufin yalwar barewa. Daga baya ya ga yadda barewar ta yi yawa ta cinye tsirran duwatsu har yunwa ta kama ta. Mutumin nan bai daina farauta ba, amma ya daina ɗaukar cewa duk kisan da ya iya yi daidai ne.

Saboda haka nake raba maharba biyu, ko da kwali ɗaya suka saya. Binciken da aka yi a gonar gwaji ta Hopland a Kalifoniya ya nuna cewa yawancin kisan tumaki aikin miji da mata ne masu riƙe da yankin da garken yake. Makiyayin da ya gyara shinge, ya ajiye karen gadi ko jaki a cikin garke, abin ya ci tura, sannan ya yi kwanton takamaiman mai ɓarnar, yana da hujjar da zan iya tsayawa a bayanta. Daban yake da wanda ya shiga gasar kisa, inda ake kunna na'ura mai kwaikwayon kukan zomo, a tara gawarwaki a auna, wanda ya fi yawa ya karɓi kyauta, sannan a zubar. Kalifoniya ta hana ba da kyauta a irin wannan gasa a 2014, Vermont ta haramta ta a 2018, New Mexico a 2019, kuma cikin masu goyon bayan hanin har da maharba. Harsashi mai kyau ba ya wanke ɗan gasa. Shi ma makiyayi, kyakkyawar hujjarsa ba ta yafe masa mummunan harsashi. Tambayoyi biyu ne, kowacce sai an amsa ta.

In da ni ne a gefen mutumin nan a kanti, abin da zan ce masa ke nan. Malam, ka fara tabbatarwa harbin ya zama dole, kuma ka san wanda kake nema. In ya zama, ka ɗauki harsashi mai ƙarfin da ya isa, mai buɗewa, ko da zai ɓata fata, domin fata ba ta jin zafi. Ka nemi wanda ba dalma a cikinsa, in kuwa babu, ka binne gawar da zurfi ko ka ɗauke ta daga fili. Ka je ka gwada shi a jikin kwali har ka san iyakar nisan da hannunka ba ya kuskure, ka tsaya a nan. Idan ka raunata, aikin ranar ya koma bin sawun jini har sai ka ƙarasa abin da ka fara.

Wannan ba maganar maharba kaɗai ba ce. Likitan da zai faɗa wa iyali mummunan labari, da maigidan da zai sallami yaron shagonsa, da alƙalin da zai yanke hukunci, duk sukan tsaya gaban irin wannan kanta. Abin da za su yi mai ciwo ne, wataƙila kuma ba makawa, amma hanyoyin yinsa suna da yawa, kuma mafi sauƙi a gare su sau da yawa ita ce mafi tsanani ga wani. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Abin da kantin nan ya koya mini shi ne, kwikwiyon yana fara bin mutum tun daga wurin da ya zaɓi kayan aikinsa.

Mu ƙaddara makiyayinmu ya biya kuɗin kwali mai tsadar. Da asuba yana kwance bayan tarin ciyawa, dusar ƙanƙara ta rufe fili, sai ga kayoti ya ɓullo a kan tudu, nisan mita 350, iska na kaɗa gashin bayansa. Ya sa shi a saiti, ya ji yadda iskar ke dukan kuncinsa, ya tuna iyakar da ya gani a jikin kwali. Sai ya janye yatsansa daga kunama. Wataƙila daren nan ya sake rasa ɗan rago, kuma shi zai ɗauki asarar. Gobe da asuba zai dawo ya kwanta kusa da shingen, inda harbi ɗaya zai isa.